Takardar Idon Baba Illa

Assalamu alaikum Hajiya mai shafi, da ku jama'ar da ke karantawa kuna ba da shawara. Ina gaishe ku, ina yi muku sannu da haƙuri da mu masu kawo muku kayan da suka fi ƙarfin kanmu. Don Allah Hajiya ki ɓoye sunana da lambata, garinmu bai kai girman da mutum zai yi tari a wannan unguwa ba a ji shi a waccan ba. Sunayen da zan kira duk na canza su. Ku kuma masu karatu, ina roƙonku ku kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. Zagin da za ku yi min na riga ku yi wa kaina shi, har da wanda ba ya rubutuwa. Shawara nake nema, kuma kwana biyu kawai gare ni.

Ni ƴar Filinge ce, nan aka yanke min cibiya, nan nake aure. Ina aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke zagaya ƙauyukan Kurfai har Abala da Sanam kan lafiyar mata da ƙananan yara. Ni ce mai kula da ma'aikata. Abin da na karanta ke nan a Yamai: yadda ake ɗaukar mutum aiki, yadda ake rubuta masa abin da ake nema daga gare shi don kada a kama shi da laifin abin da ba a gaya masa ba, yadda ake zama da shi sau ɗaya a shekara a duba aikinsa, yadda ake kula da lafiyarsa da hutunsa, da yadda ake rabuwa da shi in ranar rabuwa ta zo. Abu na farko da aka cusa mana shi ne kowane aiki a ba wanda zai iya shi, ba wanda ake jin nauyinsa ba. Na dawo gida da wannan karatu ina ji da kaina. Na iske takardun ma'aikata a jibge cikin kwalin sabulu, na zauna na raba wa kowa dosiyensa, wato fayil ɗinsa, na jera a kabad, har aka sa min suna Madam Dosiye, ni kuwa sunan yana min daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Ɗan gwaggona ya nemi aikin gadi na hana shi don wani ya fi shi a gwaji, gwaggona ta yi damina guda ba ta amsa gaisuwata. Ko a jikina. Ina yawo a gari kaina a sama, wai ni ce wadda ba ta san sanayya ba a wurin aiki. Na gaya muku wannan ne don ku ga inda mai wannan baki ta je ta faɗa.

Direbobinmu biyu ne. Babban shi ne wanda zan kira Baba Illa. Ba mu haɗa jini ba, amma abokin mahaifina ne tun suna samari. Kafin ya shigo ƙungiyar motar kasuwa yake tuƙawa tsakanin Filinge da Yamai, shi ke kai ni lakwal duk farkon shekara, shi ke kawo min saƙon Inna, gumba da ƙuli-ƙuli a ƙulle cikin tsohon zane, ya tsaya a ƙofar makaranta cikin rana sai ya ga na karɓa da hannuna. Da mahaifina ya rasu shi ya tsaya a kan komai, ranar ɗaurin aurena yana zaune kafaɗa da kafaɗa da baffana. A biro, wato ofis, yana ce min Madam yana ƙunshe dariya, da mun fita ƙofa na koma ɗiyata. Shekarunsa a kan hanyoyin nan sun fi shekaruna a duniya. Ya san wace hanyar yashi ke cin mota bayan ruwa, ya san rugar da za a tsaya a tambayi labarin gaba, kuma da halin da hanyoyinmu ke ciki yanzu kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matanmu da ke fita daji ba sa son kowa ya ja su sai shi.

Kafin zuwana ba a auna lafiyar direbobi. Ni na kawo dokar. Ni na tsaya gaban Shef, wato shugaban biro ɗinmu, na kafe cewa wanda ke ɗaukar rayukan mutane dole likita ya duba shi duk shekara, har da ido. Shekarar farko kowa ya wuce lafiya. A ta biyu, wata tara ke nan da suka wuce, likitan ido da ke zuwa daga Yamai ya duba su, sakamakon ya zo min cikin ambulan a rufe, don ni kaɗai ke da ikon buɗewa. Na Baba Illa layi uku ne. Jijiyar idonsa ce ke mutuwa a hankali, ba yanar ido ba ce da ake cirewa, magani rage mata sauri kawai yake yi. Abin da ke gabansa sak yana gani, na gefe ya tafi. A ƙasa aka ja layi: bai dace ya ci gaba da tuƙi ba. Na karanta ya fi sau goma, kamar in na ƙara karantawa rubutun zai canza.

Na jira aka tashi daga aiki, na kira shi na rufe ƙofa. Ban iya zama a kujerata yana gabana ba, sai na jawo benci.

"Baba, likita ya hwaɗa maka abin da yag gani?"

"Ya hwaɗi," ya ce yana murmushi. "Wai ina gani awa mai leƙe ta bakin buta. Ni ko nic ce mashi, likita, ai hanya gaba take, ba gehe ba."

Ban yi dariya ba, sai shi ma ya bari. Na ce masa takardar ta ce a sauke shi daga mota. Ya gyara zama ya ce:

"Ɗiyata, ramun hanyag ga duk na san su da suna. Ko an ɗaure mani ido ni kai ki Sanam in maido ki. Saura shekara biyu in aje aiki, in amshi haƙƙina, in koma gona awa kowa. Ki bar ni in sauka da ƙahwata. Kada a sauke ni da takarda, a ce Illa ya makance bisa sitiyari."

Sai ya cire hularsa ya ajiye a kan teburina. Jama'a, ku da kuka san tarbiyyarmu ku gaya min, dattijon da ya ɗauke ki a kafaɗa ya tuɓe hula a gabanki, furfurarsa a waje, ina za ki sa idonki? Wace makaranta ce a Yamai ta koyar da abin da ake cewa a irin wannan wuri? Na miƙa masa hular da hannu biyu na ce ya mayar don Allah. Ya mayar, ya ce, "Ke ad da alƙalami," ya fita. Ina so ku sani bai ce in yi ƙarya ba. Wallahi bai ce ba. Abin da ya biyo baya ni na ƙulla shi da hannuna.

Ban faɗa kai tsaye ba, sai da na nemi mafita ta gaskiya. Abin da aka koya mana shi ne in lafiyar ma'aikaci ta gaza a wani aiki, a nema masa wanda zai iya kafin a yi zancen sallama. Na zazzage takardun guraben aikinmu ɗaya bayan ɗaya. Gadi akwai mutane a kai, kuma wa zai ba mai ciwon ido gadi? Tsaron magaza, inda muke ajiye kaya, sai wanda ya iya rubutun Faransanci, shi kuwa sa hannu kaɗai ya iya. Masu ba mu tallafi kuma gurbin da aka rubuta musu shi suka sani, ba a ƙirƙiro sabo don an ji tausayin wani. Mako guda ina juya abin, ambulan ɗin na cikin jakata ina zuwa da shi ina komawa da shi. Ranar da Shef ya ce in kawo dosiyoyi a sabunta kwantiragin shekara, sai na ciro takardar likita ta bara, wadda ta ce lafiyarsa ƙalau, na yanki ƴar farar takarda na rufe kwanan watan, na yi fotokopi, na rubuta sabon kwanan wata, na sake yin fotokopi don kada a ga tabon. A dosiye kwafi ake sawa, ba wanda ke neman ta asali. Abin ko minti goma bai ci ba. Ni da na hana ɗan gwaggona gadi! Ta gaskiyar na kai gida na tura ƙasan akwati, tana nan har yau. A takardar duba aikin shekara kuma, wurin da aka ce lafiya, na rubuta ba matsala. Shef ya sa hannu bai ko karanta ba, don ya san in Madam Dosiye ta duba abu an gama.

Daga nan na shiga dabarun rage wa kaina zunubi. Na kawo doka cewa kada la'asar ta iske motarmu a daji, na ce saboda tsaro ne, alhali saboda idonsa ne da ke ƙara rauni in rana ta yi sanyi. A taron wata Shef ya yaba min gaban kowa, aka tafa min, ina murmushi. Sannan akwai Tanti Rakiya, babba a cikin animatiris ɗinmu, wato matan da ke shiga ƙauyuka suna wayar da kan ƴan uwansu mata. Mace ce mai ido da baki, ba abin da ke wuce ta. Na taɓa jin ta yi ƙorafin ciwon baya sau ɗaya, sai na kama wannan na rubuta cewa daga yau ita ke zama gidan gaba a kowace tafiya. Ban gaya mata dalili ba. Na ce a raina in akwai ido huɗu a gaba, biyu sa rufa wa biyu asiri. Haka na yi ta lallaɓa kaina. Duk ranar da mota ta fita ba na iya cin abincin rana sai na ji ƙararta a ƙofa, sai in ce to ga shi, sun dawo, ashe likitan ne ya cika tsanani.

Ana nan aka ba mu izinin ɗaukar sababbin animatiris uku don ɓangaren Sanam. Na yi komai bisa ƙa'ida, sanarwa, gwaji, ganawa, aka fitar da ukun da suka fi. Amma a nan wurinmu ɗaukar mace aikin daji ba ya ƙarewa a biro. Sai kin ɗauki ƙafa kin je gidan ubanta ko mijinta kin zauna, an gaisa, kin bayyana inda za ta riƙa zuwa da wanda zai kai ta, in ba haka ba ta sa hannu yau gobe a hana ta fita. Biyu ban sha wuya ba. Ta ukun, Zali, ita ta zo ta ɗaya a gwajin, ƴaƴanta biyu, mijinta tela ne a bakin kasuwa, shi kuwa ya kafe.

"Sanam? Madam, ke ma kin san abin da ka hwaruwa. In bar uwar ɗiyana ta bi hanyag ga?"

Na yi masa bayanin dokar la'asar, na yi bayanin wayar da muke bin mota da ita, bai motsa ba, ƙafarsa na kan keke yana ta ɗinkinsa. Sai bakina ya faɗi abin da har yau nake jin ɗacinsa. Na ce direbanmu Baba Illa ne. Nan take ya tsayar da keken.

"Baba Illa ka tuƙi? To mi ya hana ki hwaɗi tun ɗazu? In shi na, na sake ta. Amana ta na ba ki, ke da shi."

Na ce na karɓa. Da bakina na ce na karɓa, na sha ruwan gidansu na fito.

Mako biyu da suka wuce, ranar kasuwar Damana, motar ta dawo madubin gefen dama a karye. Su biyu ne kawai a ciki ranar, shi da Tanti Rakiya. Baba Illa ya zo ya ba ni bayani yadda doka ta ce: hanya cike da ƴan kasuwa da dabbobi, wata karsana ta yanko ta gabansa, ya ji ƙara ya tsaya, mai shanun ya zo, ashe ma sun san juna, suka duba karsanar ba abin da ya same ta, suka gaisa aka rabu. Na buga rahoton yadda ya faɗa, na sa a dosiye, na yi hamdala da abin ya tsaya a madubi. Bayan kwana uku Tanti Rakiya ta shigo biro ɗina ta mayar da ƙofa, ko zama ba ta yi ba.

"Na zo in gaya miki ba ni ƙara zama gaba."

"Bayan ya warke ke nan, Tanti?" na ce, ina neman mayar da abin wasa.

"Ki bar wasa, ƙanwata. Ni da ke mun san bayana lahiya lau yake. Wata tara ina yi ma tsohon ga ido. Baba ga amalanke dama, Baba ga jaki hagu, ina yi awa hira ta, shi ma shina yi awa bai gane ba. Ran Damana wayata ta hwaɗi ƙasa, nid duƙa in ɗauka. Duƙawa guda."

Ta matso kusa da teburina, ta rage murya.

"Madubin ga ba karsana yab buga ba. Mace ta, Bahillata, da ƙwaryar nono bisa kai da goyo ga baya. Hannun da tar riƙe ƙwaryar shi yab buga, ta hwaɗi cikin rairai. Sa'ad da maza ka duba karsana gaban mota, niz zagaya baya na ishe ta tana gyara goyo da hannu guda, ɗayan na rataye, nono ya zube. Nic ce ta taho mu kai ta likita, ta ƙi ko ta dube ni, tac ce ba komi, ta shige cikin gero. Ban san ko ya karye ba. Ban san sunanta ba, ban san rugarsu ba."

Na tambaye ta shi Baba me ya ce.

"Mi zai ce? Har yau bai san da ita ba. Ni ko ba ni iya duban tsabar idon dattijo in ce mashi ya buge mace da goyo bai gani ba. Ban san abin da ke cikin dosiyenki ba, kuma ba ni son in sani. Konjena nika so, hutuna na shekara biyu da ban ɗauka ba."

Hutunta haƙƙinta ne, ni da kaina nake yi wa ma'aikata wa'azin su riƙa ɗauka. Da wane baki zan hana ta? Na sa hannu, yanzu haka tana gida.

Da kasuwar Damana ta zagayo na ce a biro ba ni da lafiya, na shiga motar kasuwa na tafi. Na bi layin masu nono ina duba hannun kowace mace kamar mai neman ɓarawo, alhali ɓarauniyar ita ce ke dubawa. Na sayi nonon da ban sha ba wurin mata uku don in samu bakin tambaya. Da na ce ko sun ji labarin wadda mota ta buge makon jiya, sai fuskoki suka rufe, kowa ta koma kan ƙwaryarta. Wa zai ga laifinsu? Baƙuwa da jaka da takalmin biro tana tambayar mutum, a wannan zamani? Wata tsohuwa ce kawai ta ce akwai wadda ta saba zama can ƙarshe, yau ba ta zo ba, daga nan ba ta ƙara ko kalma ba. Na tsaya ina kallon wurin da ba kowa, sannan na hau mota na dawo.

Da yammacin ranar na wuce gidan Baba Illa. Na iske shi a ƙofar gida bisa tabarma yana jan carbi, fuskarsa a sake, wai Shef ya gaya masa ƙarshen shekara za a ba shi takardar yabo, direban da bai taɓa taɓa mutum ba. Matarsa ta kawo min fura na kasa sha. Idona na kan tabarma na gaya masa duk abin da Tanti Rakiya ta faɗa, ban rage komai ba. Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Rakiya ta ruɗe," ya ce a hankali. "Karsana ta. In da akwai mutum wurin, ai da na gan shi."

Na ɗago na dube shi. Shi ma ya ji abin da ya fita daga bakinsa, na ga ya ji. Na ce Baba ka ajiye da kanka, ka ce ka gaji, ba wanda zai ji zancen ido daga bakina. Ban taɓa gaya masa abin da na yi da takardar ba, amma ba yaro ba ne, ya ga an sabunta masa kwantiragi ba wanda ya ce uffan.

"In aje yanzu, saura kaɗan, in tashi hannu rabbana? Kuma mutumin da ad da lahiya ga takarda, za a ba shi yabo, ya tashi rana tsaka ya ce ya gaji, kina zaton Shef ba ya tambaya? In ya tona, wa zai ishe ƙasan ramin, ni ko ke? Ni tsoho na, nawa ya ƙare. Ke hwa, da ɗiyanki da sunanki? Ki bari, ni dinga tahiya sannu. Allah na tsarewa."

Kun ji inda muka kai. Ni na yi ƙarya don in rufa masa asiri, shi yanzu yana kan sitiyari wai don ya rufa min. Mun ɗaure juna, kowa na ganin alheri yake yi wa ɗan uwansa, matar da ke wata ruga da hannu a rataye kuwa ba wanda ya nemi yardarta.

Ba inda tunanina bai je ba. In sake tura shi wurin likita? Likitan nan ɗaya ne, abin da zai fara tambaya shi ne me mutumin da ya hana tuƙi wata tara da suka wuce yake yi a mota, kuma ko ban tura ba nan da wata uku lokacin awon ya zagayo. In ba ɗayan direban tafiyar Sanam? Ya kai ɗayar motar gyara Yamai sai mako mai zuwa, kuma baƙo ne, bai san hanyar ba, in ya ɓata da mata uku a dajin nan me zan ce wa iyayensu? In ɗage tafiyar? Na riga na ɗage sau ɗaya da sunan gyaran madubi, matan Sanam na jira, Shef ya fara tambaya. Abin da ya rage shi ne in ɗauko takardar daga akwati in ajiye gaban Shef. Dokar cikin gida ni na rubuta ta, na san layin da ya ce wanda ya yi jabun takarda kora ce nan take ba gargaɗi. Aikin ya tafi ke nan, kuma ba ƙungiyar da za ta sake ba ni riƙon dosiyen ko kaza. Shi ma ba za a ce masa marar lafiya ba, cewa za a yi ya sani ya ɓoye, ya fita da laifi a kansa bayan duk shekarun nan. Inna kuwa, wadda har yau in an ambaci sunansa sai ta yi masa addu'a, da wace fuska zan shiga ɗakinta? Garin nan ba zai ce ta ceci rai ba. Wasu su ce ɗiyar wane ta ci amanar abokin ubanta, waɗanda suka ji zancen jabun su ce dama taƙamar banza ce, gwaggona ta samu abin faɗa har ta mutu. Na san duk wannan bai kai ran mutum ɗaya ba. Na sani, ina sallah ina sani, ina cin abinci ina sani. Amma sau uku ina zuwa bakin ƙofar Shef, in ya ɗago kai sai in ce gaisuwa na zo. A na ukun har cewa ya yi, "Madam, da kowa na aiki kamar ke da na huta." Na ce na gode. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na daina sanin wa nake karewa, tsohon ne ko sunan nan da aka sa min.

Yau Talata. Jibi Alhamis da safe mota za ta tashi zuwa Sanam, fitar farko ta sababbin ukun. Ba motar da ke barin gari sai da takardar izinin tafiya, kuma sai na sa hannu kafin ta je wurin Shef. Tana gabana yanzu da nake rubuto muku, sunayen mata uku a jere, a ƙasa sunan direba, wurin sa hannuna yana nan fari. Ɗazu da hantsi Zali ta leƙo da sabuwar jakar da mijinta ya ɗinka mata don tafiyar, sai murna take.

"Madam, tunda Tanti Rakiya na hutu, don Allah a bar mani gidan gaba. Mota na sa ni amai in ina baya."

Na ce to.

"Kada ki damu, ba ni damun Baba da surutu. Akwai ƙwayar da nika sha, da mun hita gari barci nika yi, sai an tashe ni Sanam."

Ta yi dariya ta fita, tana gyara jakar a kafaɗa.

Jama'a, ban zo don a wanke ni ba, ba ni da abin wankewa. In na sa hannu, na san abin da na sa wa hannu. In na ƙi, gobe sai na faɗi dalili, kuma dalilin zai tafi da ni ya tafi da tsohon da ya riƙe ni kamar ƴar cikinsa. Don girman Allah, wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan wuri ya gaya min kafin safiyar Alhamis. Me zan yi?